DUTSEN GUGA DA GOBARA: Yadda Za A Kiyaye Gida Daga Haɗarin Kayan Lantarki

GABATARWA

Wutar lantarki tana daga cikin abubuwan zamani da suka fi sauƙaƙa wa jama'ar ƙasar nan al'amuran yau da kullum. A shekarar 1896 aka fara kunna ta a birnin Ikko, watau Legas, a 'yan wurare ƙalilan. Yau kuwa ta shiga manyan birane da ƙauyuka masu yawa. Da ita ake guga, da ita ake dafa ruwa, da ita ake sanyaya abinci, ita ce kuma ke juya fanka a lokacin bazara. Amma kamar yadda take da amfani, haka take da haɗari ga wanda bai kiyaye ƙa'idodinta ba. Kowace shekara, musamman da hunturu sa'ad da iska ta busar da komai, gidaje da kantuna suna ƙonewa. Dukiyar da aka yi shekara da shekaru ana tarawa sai ta zama toka cikin sa'a guda, wani lokaci har da hasarar rayuka.

Hausawa suna cewa gobara daga kogi maganinta Allah. To, gobarar da take tashi daga dutsen guga ko daga soket ba ta cikin wannan lissafi, gama an san mafarinta, an kuma san maganinta. An shirya wannan ɗan littafi domin magidanta da matan gida da masu sana'ar wanki da guga da ɗaliban makarantun kwana. Babban abin da yake koyarwa shi ne: duk abin da yake yin zafi da lantarki, kada a bar shi jone babu mai kula da shi, ko da an ɗauke wuta.

DUTSEN GAWAYI DA DUTSEN LANTARKI

Kafin zuwan lantarki, da dutsen gawayi ake guga, har yanzu ma ana amfani da shi a wurare da yawa. Mai guga da dutsen gawayi yana ganin garwashi da idonsa, yana jin ƙaurin hayaƙi, yana fifita wutar da hannunsa. Saboda haka ba ya mantawa da cewa wuta ce yake riƙe da ita. In ya gama sai ya juye garwashin, ya yayyafa masa ruwa.

Dutsen lantarki, wanda wani Ba'amurke mai suna Henry Seeley ya yi wa rajista a shekarar 1882, ya raba mutane da wannan wahala. Sai dai ba shi da garwashi, ba ya hayaƙi, ba ya ƙara. Mai sanyi da mai zafi kamanninsu ɗaya ne. A nan haɗarinsa yake, domin abin da ido bai gani ba, zuciya takan yi saurin mantawa da shi.

YADDA DUTSEN GUGA YAKE AIKI

A cikin dutsen akwai wata waya ta musamman wadda take yin zafi in lantarki ya bi ta cikinta. Zafin yana ratsawa zuwa fuskar ƙarfen da take taɓa tufafi. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai daidaita zafi, wadda aka yi da ƙarfe iri biyu manne da juna. In zafi ya kai iyakar da aka sa, sai ta lanƙwashe ta yanke wutar, in ya sauka ta miƙe ta maido da ita. Dalilin ke nan da ya sa ake ganin 'yar fitilar jikin dutse tana kamawa tana mutuwa. Wajibi ne a gane cewa mutuwar fitilar nan ba ta nuna an kashe dutsen. Hutawa kawai yake yi, jim kaɗan zai sake kamawa.

A jikin abin murɗawa akwai ɗigo-ɗigo. Ɗigo ɗaya zafinsa wajen digiri 110 ne a ma'aunin Salshiyos, na nailan ne da sauran yadi marar jure zafi. Ɗigo biyu wajen digiri 150 ne. Ɗigo uku, wanda ake guge shadda da atamfa da sauran kayan auduga da shi, yana kai digiri 200. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Ke nan dutsen da aka sa a ɗigo uku ya wuce tafasasshen ruwa da digiri 100 cur. In aka kife shi a kan zane ko katifa ya daɗe, zai babbake su ko da lafiyarsa lau. In kuwa na'urar daidaita zafin ta tsufa ta manne, wutar ba za ta yanke ba sam, dutsen zai yi ta ɗaukar zafi har abin da yake kai ya kama da wuta.

SA'AD DA AKA ƊAUKE WUTA

Ga misalin abin da yakan faru a gidaje da yawa. Ranar Litinin da sassafe uwargida ta shimfiɗa zane a kan katifa tana guge kayan makarantar yara. Ta gama riga ɗaya, ta soma ta biyu, sai aka ɗauke wuta. Ta jira kaɗan ba a maido ba, dutse ya fara hucewa. Sai ta kife shi a nan kan katifar, ta shiga ɗakin girki ta ba yara abin karin kumallo. Yara suka tafi makaranta, maigida ya tafi wurin aiki, ita kuma ta kulle ɗaki ta tafi kasuwa.

Da hantsi aka maido da wuta. Dutsen yana nan jone, makunninsa a kunne. Ya ɗauki zafi, zanen ya yi ja, ya yi baƙi, zafin ya kai ga soson katifa. Soso kuwa narkewa yake yi yana ci, yana fid da baƙin hayaƙi mai guba. Daga katifa wuta ta kama labule, daga labule ta haye silin. Kafin maƙwabta su ga hayaƙi, su ɓalle ƙofa, aikin gama ya gama.

Matar nan ba ta yi niyyar ɓarna ba. Kuskurenta ɗaya ne tak: ta ɗauka dutsen da ya huce an kashe shi. Irin wannan kuskure shi ne yake faruwa da hita da butar lantarki da rishon lantarki. Yana kuma faruwa da dare, sa'ad da aka maido da wuta mutane suna barci, ko sa'ad da wani ya ta da janareta bai san akwai abin da aka bari jone a wani ɗaki ba.

Saboda haka, da zarar an ɗauke wuta, abu na farko shi ne a kashe makunnin soket, a zare fulogin duk wani abu mai yin zafi. A yi wannan tun kafin a nemi tocila ko mafici. Zare fulogi yana da wata fa'ida kuma: wani lokaci wuta takan dawo da ƙarfin da ya wuce kima, ta ƙone talabijin ko firiji ko rediyo. Abin da aka zare, wannan ɓarna ba ta samunsa.

ƘA'IDODIN GUGA

1. A yi guga a kan tebur ko katakon guga mai ƙarfi. Kada a yi a kan katifa, ko kujerar soso, ko darduma ta roba.

2. In za a gyara zaman riga, a tsai da dutsen a kan gindinsa ko a ɗora shi kan mazauninsa na ƙarfe. Kada a kife shi ko na ɗan lokaci.

3. In aka yi sallama a ƙofa, ko waya ta yi ƙara, ko yaro ya yi kuka, a zare fulogi kafin a tashi. Mai cewa yanzu zai dawo bai san abin da zai tsare shi ba.

4. A zare fulogi kafin a zuba ruwa a dutse mai tururi. Kada a taɓa dutse ko soket da jiƙaƙƙen hannu, kada kuma a yi guga ba takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓe.

5. In an gama, a bar dutsen a tsaye ya huce sarai kafin a naɗe wayarsa a ajiye. Naɗe waya a jikin dutse mai zafi yana narkar da robarta.

6. A riƙa duba wayar, musamman inda ta shiga jikin dutse da inda ta shiga fulogi. In ta zare ko ta tsage, a sake sabuwa. Ɗaure ta da leda ko tsumma ba gyara ba ne.

7. A nisanta ƙananan yara daga wurin guga. Yaro mai rarrafe yakan ja waya, dutse ya faɗo masa.

Akwai duwatsun zamani masu kashe kansu in an bar su ba motsi. Suna da kyau ga mai halin saye, amma na'ura takan lalace, don haka ba su ɗauke wa kowa nauyin zare fulogi ba.

KAYAN DA WAYA TAKE IYA ƊAUKA

Lantarkin da yake shiga gidaje a Nijeriya ƙarfinsa wajen bolt 230 ne. Soket mai baki uku da aka saba gani a bango, da fulogin da yake shiga cikinsa, an yi su don su ɗauki ampiya 13, watau kimanin wat 3,000. A jikin kowane kayan lantarki an rubuta yawan wat da yake sha. Fanka da talabijin da ƙwan fitila shansu kaɗan ne. Masu yin zafi su ne masu ci da yawa: dutsen guga yakan sha daga wat 1,000 zuwa sama da 2,000, butar lantarki kuma wajen wat 2,000.

Lissafin ba shi da wuya. In aka jona dutse mai wat 1,200 da buta mai wat 2,000 a wuri ɗaya, an sami wat 3,200, an riga an wuce iyaka tun ba a ƙara firiji ba. Waya kamar jaki take, akwai iyakar kayan da take ɗauka. Jaki in kaya sun fi ƙarfinsa yakan durƙushe kowa ya gani. Waya kuwa zafi take yi a ɓoye, a bayan kabad ko a cikin silin, har robarta ta narke, wayoyi biyu su haɗu su yi tartsatsi.

Don haka dutsen guga da buta da hita da risho, kowanne a jona shi kai tsaye a soket na bango, shi kaɗai. Allon soket mai doguwar waya, wanda ake kira ekstenshan, na ƙananan kaya ne, gama da yawa daga cikin masu araha wayarsu siririya ce ƙwarai. Kada a jona wani a jikin wani. Kada a bi da waya ta ƙarƙashin darduma ko katifa ko ta matsin ƙofa.

FIS DA WAYAR ƘASA

A cikin fulogi mai baki uku akwai fis. Ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya ƙone ya yanke wuta kafin waya ta yi zafin da zai jawo gobara. Fis mai ampiya 3 na ƙananan kaya ne kamar fitilar tebur da rediyo, mai ampiya 13 kuma na dutsen guga da buta. In fis ya ƙone, ko abin yanke wuta na jikin babban allo ya faɗi, to akwai dalili, sai a nemi dalilin. Wanda ya maye gurbin fis da ƙusa, ko wayar tagulla, ko takardar kwalin taba mai ƙyalli, ya kori mai gadin gidansa da hannunsa.

Wayoyin da ke cikin fulogi uku ne. Mai ruwan ƙasa-ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce mai komawa, mai ratsin kore da rawaya kuma ita ce wayar ƙasa. A tsofaffin gidaje akan tarar da ja da baƙa da koriya. Wayar ƙasa ita take janye lantarki in ya ɓalle ya shiga jikin ƙarfen dutse ko firiji, don kada ya bi ta jikin mutum. Bai kamata a cire ta ba. Haka kuma mummunar al'ada ce a yanke fulogi a cusa tsirarar waya cikin soket a tokare da tsinken ashana. Irin wannan haɗi yana yin tartsatsi da zafi.

SAURAN KAYAN GIDA

Hita ta tsomawa cikin bokiti tana cikin mafi haɗari, musamman da hunturu da a ɗakunan kwanan ɗalibai. A tsoma ta cikin ruwa kafin a kunna, a zare fulogi kafin a fid da ita. Kada a sa hannu a ji ɗumin ruwa tana kunne. In ruwa ya ƙafe, ko ta jingina da jikin bokitin roba, za ta narkar da shi ta kama abin da yake kusa.

Rishon lantarki da abin ɗumama ɗaki a ajiye su nesa da labule da gidan sauro da shimfiɗa. Kada a shanya tufafi a kansu, kada kuma a kwanta barci a bar su kunne.

Firiji da talabijin suna bukatar iska a bayansu. Kada a matse su da bango, ko a lulluɓe su da zane suna aiki.

Wayar hannu in ana yi mata caji, a ajiye ta a kan tebur. Ƙarƙashin matashin kai ba wurin caji ba ne. Batirin da ya kumbura a daina amfani da shi.

Janareta a waje ake ajiye shi, nesa da taga da ƙofa, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. A kashe shi ya huce kafin a zuba masa mai. Kada a ajiye fetur a ɗakin kwana ko kusa da wurin girki. Lalle ne kuma a sa makunni na musamman mai raba layin janareta da layin wutar gari.

SAYEN KAYA DA GYARANSU

Araha ba ta ado. Waya da soket da dutsen guga na jabu suna kama da na ƙwarai a ido, amma ba su jure zafi. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, wadda aka kafa a shekarar 1971, ita ke da alhakin tabbatar da ingancin irin waɗannan kaya. Ya kamata mai saye ya je kantin da aka sani, ya duba alamar inganci, ya karɓi rasit.

Aikin jan wayoyi a gida kuwa sai gwanin da ya koya, yake da takardar shaida. Hukumar NEMSA, wadda dokar shekarar 2015 ta kafa, ita ke duba aikin lantarki da ba ma'aikatansa shaidar ƙwarewa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Jan wuta ta ɓarauniyar hanya laifi ne a doka, kuma yana jefa unguwa duka cikin haɗari. Tsohon gida yana bukatar gwani ya duba wayoyinsa daga lokaci zuwa lokaci, gama ɓera da zafi da yoyon ruwan sama suna cin robar waya.

Gobarar lantarki takan ba da alama kafin ta tashi. In aka ji ƙaurin roba, ko fulogi ya yi zafi a hannu, ko bakin soket ya yi baƙi, ko ana jin ƙara a cikinsa, ko jikin firiji yana jan mutum, a kashe nan da nan a kira mai gyara.

IDAN GOBARA TA TASHI

1. A kashe babban makunnin gida, in ana iya kai gare shi ba tare da haɗari ba. Wajibi ne duk baligin da ke gidan ya san inda yake.

2. Kada a watsa ruwa a kan abin da yake jone da lantarki. Ruwa yana ɗaukar lantarki ya kai shi jikin mai watsawa. A yi amfani da busasshen yashi, ko tukunyar kashe gobara mai gari ko mai iska.

3. A yi kururuwa, a fid da yara da tsofaffi da marasa lafiya tukuna. In hayaƙi ya cika ɗaki a fita da rarrafe, domin iska mai kyau tana ƙasa. A ja ƙofa a rufe bayan an fita don wuta ta rasa iska.

4. A kira 'yan kwana-kwana tun wuta tana ƙarama, ta lambar ofishinsu mafi kusa ko ta lambar gaggawa ta ƙasa, 112. A faɗi unguwa da layi da wata alama da za a gane gidan. Jama'a su buɗe wa motarsu hanya.

5. Wanda ya fita kada ya koma don ɗauko kaya.

Gidan da tagoginsa suke da ƙarafan tsaro, mabuɗin ƙofarsa ya zauna a wuri ɗaya da kowa ya sani, wanda za a lalubo ko a cikin duhu.

TAIMAKON FARKO

In lantarki ya kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni, ko a ture wayar da busasshen icce, sannan a gaggauta kai shi asibiti. In tufafin mutum suka kama wuta, kada ya yi gudu. Ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri. Wurin da ya ƙone a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi mai tsabta har wajen minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a shafa manja, ko gishiri, ko ɗanyen ƙwai, ko man goge baki, kada kuma a fasa bororon. In ƙunar tana da faɗi, ko a fuska take, ko yaro ne ya ƙone, a tafi asibiti ba da jinkiri ba.

KIRA GA JAMA'A

Aikin kashe gobara a ƙasar nan ya faro ne a Ikko a shekarar 1901 a ƙarƙashin 'yan sanda. Yau akwai Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, jihohi kuma suna da nasu. Amma komai saurin motar kwana-kwana, sai wuta ta tashi ake kiranta. Wuta kuwa ba ta tsayawa a inda ta fara. Gobarar babbar kasuwar Jos a 2002, da ta kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da ta Kasuwar Litinin ta Maiduguri a 2023, sun nuna irin ɓarnar da take yi a inda gini yake manne da gini. Mai kanti da ya tashi da yamma bai kashe babban makunninsa ba, ko ɗan haya da ya bar dutse jone a gida mai ɗakuna goma, dukiyar maƙwabtansa da rayukansu ya sa a haɗari tare da nasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin kasuwanni, da malaman makarantu, su yaɗa wannan bayani ga jama'arsu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Iyaye su koya wa yara tun suna ƙanana. Kowane gida ya mai da shi al'ada a zaga ɗakuna sau uku: in an ɗauke wuta, in za a fita, da in za a kwanta barci. A duba dutsen guga, a duba hita, a duba risho, a tabbata an zare fulogin kowannensu.

Rigakafi ya fi magani.